Jiki Ma Yana da Hakki: Komawa Sassarfa Bayan Gudun Fanfalaki

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage sauti)

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filinmu na kiwon lafiya da motsa jiki. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Tsamaye, da na Unguwar Lalle, Kurawa, Gatawa, Tara, Lajinge da cikin garin Sabon Birni. Muna gaida mutanen Isa, Turba da Bafarawa, haka nan 'yan uwanmu Gobirawan tsallaken iyaka da ke kama mu daga Tsibiri da Maraɗi. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa da gonarsa.

Yau zancen gudu za mu yi. Na san akwai dattijon da zai ajiye ƙoƙon furarsa ya ce, "Gudu kuma, ɗana? Mu da gudu ya riga ya ishe mu?" Gaskiyarka, Baba. A wannan yanki an yi gudun da babu wanda ya zaɓe shi, an bar hatsi a rumbu, an kwana a daji da goyo a baya. Ba mu manta ba. Amma ka ba ni aron kunnenka, domin abin da za mu faɗa ya shafi duk jikin da ya sha doguwar wahala, ko da son ransa ko bisa tilas.

Mutum uku nake so su matso kusa da rediyo. Na farko, saurayin da ya je cin rani Legas, ya ga ana gudun fanfalaki, zuciya ta ɗebe shi ya shiga, ya kai ƙarshe, ya dawo gida da lambar yabo a wuya da tsamin jiki. Na biyu, matasan da suka kwashe watanni suna atisaye don shiga aikin soja ko ɗan sanda, da 'yan ƙwallo da 'yan kokawa da suka gama gasar kaka. Na uku, bayin Allah da suka taka doguwar tafiya a ƙasa, dare guda ko fiye, don tsira da rai. Tsoka da ƙashi ba sa tambayar dalilin wahala. Abin da suke nema bayanta iri ɗaya ne: hutu, abinci, da komawa aiki sannu a hankali.

(Kiɗa kaɗan)

Bari mu fara da shi kansa gudun fanfalakin, wanda wasu ke kira gudun yada-ƙanin-wani. Tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. In a filin tsere mai zagayen mita 400 za a yi shi, sai an kewaya sau 105 da kusan rabi. A ƙiyasi kuwa, ya kusa kai tazarar da ke tsakanin Sabon Birni da Isa. An fara shi a gasar Olamfik ta zamani a birnin Atina na ƙasar Girka a 1896. Wannan awo da ake amfani da shi yau ya samo asali ne daga gasar Landan ta 1908, aka tabbatar da shi a 1921.

A nan gida Najeriya, wanda ya fi suna shi ne na birnin Legas, da aka soma a 2016, galibi ana yin sa cikin watan Fabrairu. Manyan kyaututtukansa yawanci 'yan Kenya da Habasha ke kwashewa, 'yan gida da suka fi taka rawa kuma akasari daga tsaunukan Filato suke. Akwai kuma tseren Okpekpe a jihar Edo, mai kilomita 10. Amma dubban da ke cika titi a ranar ba don kuɗi suke fitowa ba. 'Yan kasuwa ne, da ɗalibai, da ma'aikata, da masu gadi, kowa yana son ya gwada kansa. Zakaru kan gama cikin awa biyu da 'yan mintuna. Kelvin Kiptum na Kenya ya yi shi cikin awa 2 da daƙiƙa 35 a birnin Shikago a 2023. Mutum irina da irinka kuwa yakan kwashe awa huɗu, biyar, har shida yana kan ƙafa. Wanda ya fi daɗewa a hanya, sau da yawa shi ya fi shan rana, shi ya fi jigata.

To me ke faruwa a cikin jiki a waɗannan sa'o'i?

Abu na farko, guzuri yana ƙarewa. Jiki yana ajiye wani nau'in sukari a cikin tsoka da hanta, da shi yake aiki idan an matsa masa. Ga yawancin mutane wannan ajiya takan kusa ƙarewa wajen kilomita 30 zuwa 35. A nan ne za ka ga ƙato ya tsaya cak a tsakiyar titi, ƙafa ta ƙi ɗaguwa, ido ya yi zuru-zuru. Mayar da wannan ajiya yana ɗaukar kwanaki ana cin abinci sosai.

Abu na biyu, tsoka tana yagewa. Mai fanfalaki yana yin taku sama da dubu talatin, kowane taku kuma ƙafa tana karɓar nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu zuwa uku. Wannan duka yana barin ƙananan raunuka a cikin zaren tsokar cinya da ta sha-raɓa, waɗanda ido ba ya gani. Tun a shekarun 1980 masu bincike suka duba tsokar 'yan fanfalaki da madubin likita, suka ga cewa gyaran yana ɗaukar makonni kafin ya kammala.

Duk wanda ya taɓa yi ya san safiyar kwana na biyu. An kira sallar asuba, ka yunƙura za ka tashi daga tabarma, cinya ta ce ba ta san zancen ba. Ka dafa bango ka miƙe. Ka ɗauki buta, tsugunnon alwala ya zama aiki, sai ka nemi kujera 'yar tsugunno ko turmi ka zauna. A masallaci, ruku'u da sauƙi, amma sauka zuwa sujada sai ka sa hannu ka tokare. Ka duba babban yatsan ƙafa, farce ya yi baƙi, ƙasan tafin ƙafa ya yi bororo. Wannan tsami yakan fi tsanani tsakanin kwana ɗaya zuwa uku bayan gudun, sannan ya fara sauka.

A nan tarkon yake, 'yan uwa. Bayan mako guda tsamin ya tafi, saurayi ya ji garau, ya ce ai ya warke. Alhali ciwon ne kawai ya yi shiru, gyaran ciki bai ƙare ba. Jijiyar agara, da gwiwa, da ƙashin ƙwauri sun fi tsoka jinkirin warkewa. Da yawa daga cikin waɗanda ke jin rauni bayan babban tsere, a wannan gaɓa suke jin sa.

Abu na uku, garkuwar jiki takan yi rauni na ɗan lokaci. Shi ya sa mura da ciwon maƙogwaro ke yawan kama mutum bayan wahala mai tsanani. A ƙasarmu kuma akwai zazzaɓin cizon sauro, wanda ba ya raina jikin da ya gaji. Kwana cikin gidan sauro a waɗannan kwanaki wajibi ne.

(Kiɗa kaɗan)

Wani zai ce hutu na ragwaye ne. To mu dubi waɗanda duniya ta sallama musu.

Eliud Kipchoge na Kenya ya ci zinaren Olamfik sau biyu a fanfalaki, a Riyo a 2016 da kuma gasar Tokiyo da aka yi a 2021. A birnin Biyana, ranar 12 ga Oktoba 2019, ya gama wannan tazara cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, ko da yake ba a lissafa shi cikin tarihin gasa ba saboda an shirya masa taimako na musamman. Wannan bawan Allah, a shekarun da yake kan ganiyarsa, fanfalaki biyu ya saba yi a shekara. Idan ya gama ɗaya sai ya koma wajen iyalinsa ya yi makonni yana hutawa, kafin ya koma sansaninsu na Kaptagat ya fara daga ƙasa, da gudu mai sauƙi. Mutumin da gudu ne sana'arsa ke nan, yana da likita da mai tausa da mai horarwa.

Ga kuma Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci zinare a birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, ya sake ci a Tokiyo a 1964. A 1968, a birnin Meziko, ya shiga tsere da ciwo a ƙafa, bai kai rabin hanya ba ya fita. Ɗan ƙasarsu Mamo Wolde ne ya ɗauki zinaren. Idan ƙafar Bikila ta iya cewa ta gaji, tawa da taka ba su fi ƙarfin haka ba.

Mu Gobirawa mun san doki. Mai doki na kirki, idan ya dawo daga sukuwa, ba ya kai shi turke kai tsaye ya ɗaure, ba ya kuma sake zaburar da shi washegari. Zai sassauta masa majayi, ya zagaya da shi a hankali har gumi ya tsane, numfashi ya daidaita, sannan ya ba shi ruwa da harawa. Kwanakin da ke biye, tafiya kawai zai riƙa yi da shi. Tausayin da muke yi wa dabba, jikinmu ya fi cancanta da shi.

Addininmu ma bai bar wannan ba. Sahabi Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya kasance yana azumi kullum, yana raya dare gaba ɗaya. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana shi, ya nuna masa cewa jikinsa yana da hakki a kansa, idonsa da iyalinsa ma haka. Idan a ibada an ce a sassauta wa jiki, ina ga gudu?

(Kiɗa kaɗan)

Yanzu ga tsarin da za a bi. Mai alƙalami ya rubuta, marar alƙalami ya riƙe da ka. Masu horar da 'yan tsere suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna amfani da shi: bayan fanfalaki, a ba jiki kamar kwana 26 ba tare da gudu mai tsanani ba. A taƙaice, wata guda. Ga yadda za a raba shi.

Makon farko, babu gudu ko kaɗan. Amma kada a kwanta kamar majinyaci. A yi tafiya a ƙasa, minti 15 zuwa 20, safe ko yamma: zuwa masallaci, zuwa kasuwa, zuwa gaida dangi. Tafiya tana sa jini ya zagaya, ta rage kumburi. A yi barci isasshe, domin cikin barci jiki ke yin mafi yawan gyaransa. Hirar dare a teburin mai shayi da latsa waya har ƙarfe ɗaya, a ɗan jingine su.

Abinci kuwa, ba sai an nemi na kanti ba. Abin da muke da shi ya wadatar. Tuwon gero ko na dawa, shinkafa, dankali da fura suna mayar da guzurin da ya ƙare. Wake, ƙosai, nono, ƙwai, ƙuli-ƙuli, da kifin gulbi ga wanda ya samu, su ne ke ɗinke tsoka. Kwaɗon zogale, kankana da dabino suna ƙara amfani. A sha ruwa har fitsari ya yi haske. Wanda ya zubar da gumi da yawa ya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya-wata biyu, da shafaffen cokalin shayi shida na sukari, da rabin cokalin shayi na gishiri.

Bororon ƙafa, a wanke da sabulu, a rufe da ƙyalle mai tsabta, kada a yage fatar. Farcen da ya yi baƙi a bar shi, zai faɗi da kansa wani ya tsiro.

Mako na biyu, idan tafiya ba ta sa ka ɗingishi, ka gwada sassarfa. Minti 20 ya isa, sau biyu ko uku a makon, da kwana guda na hutu a tsakani. Ka haɗa da tafiya: sassarfa minti uku, tafiya minti biyu, ka sake. Ma'aunin saurin ba agogo ba ne, bakinka ne. Idan kana iya hira da abokin gudunka, ka ba shi labari har ƙarshe ba tare da numfashi ya yanke ba, saurin ya yi daidai. Idan magana ta fara fita guntu-guntu, ka rage.

Mako na uku da na huɗu, ka kai minti 30 zuwa 40, sau uku a mako. Har yanzu babu tsere da kowa, babu hawan tudu da ƙarfi, babu wasan ƙwallo na gasa. Ka zaɓi ƙasa mai ɗan taushi, irin ta filin makaranta, ta fi kwalta sauƙi ga gwiwa. Yashi mai zurfi irin na bakin gulbi kuwa yana wahalar da agara, a bar shi sai gaba.

Bayan wata guda, idan komai lafiya, ka riƙa ƙari kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma a kowane mako. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya. Da ka farka da safe, kafin ka tashi, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga bugun jini na minti ɗaya. Ka yi haka 'yan kwanaki don ka san adadinka na kullum. Ranar da ka ga ya ɗara da kamar goma, ga kasala, ga rashin son abinci, jiki ne ke neman hutu. Ka ba shi.

Wanda ya yi doguwar tafiya ta tilas, musamman tsofaffi, mata masu ciki da masu shayarwa, shawarar makon farko ta shafe su kai tsaye: ruwa, abinci, kula da raunin ƙafa, da hutu kafin a koma aikin ƙarfi. Maƙwabta da suka karɓi baƙi, ku dubi ƙafafunsu, ba cikinsu kaɗai ba. Mai ciwon sukari da ya ji rauni a ƙafa, a kai shi asibiti da wuri.

(Kiɗa kaɗan)

Ga alamomin da ba a wasa da su. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya daina gudu, ya nemi ma'aikacin lafiya.

Fitsari ya koma ja-ja ko baƙi-baƙi kamar ruwan shayi mai kauri, ko ya ragu ƙwarai. Wannan na iya nuna cewa tsokar da ta lalace tana cutar da ƙoda. Ciwon ƙirji, ko jiri, ko suma yayin gudu. Sha-raɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, musamman ga wanda ya gama tsere ya hau mota ya yi doguwar tafiya daga Legas zuwa Sakkwato a takure. Jini na iya daskarewa a jijiya. Shi ya sa duk inda mota ta tsaya, a sauka a taka. Sai ciwon da ke wuri ɗaya tak a kan ƙashi, wanda za ka iya nuna shi da ɗan yatsa, yana ƙaruwa idan ka taka. Wannan kan zama tsagewar ƙashi. Da zazzaɓi: mai zazzaɓi ba ya gudu, ko da kuwa ya ji ƙarfi.

A fara da asibitin da ke kusa, ko babban asibitin Sabon Birni ko na Isa. Abin da ya fi ƙarfinsu za su tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Mai ciwon sikila, mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko asma, ya nemi shawarar likita tun kafin ya fara.

Ina roƙon samari da babbar murya kan maganar ƙwaya. Shan magungunan kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen barkatai, alhali jiki ya bushe da ƙishirwa, yana iya taɓa ƙoda da tumbi. Tramadol kuwa ya cinye mana matasa da yawa. Yana rufe bakin ciwo, ka ci gaba da taka ƙafar da ta tsage, daga baya ka wayi gari ba ka iya rabuwa da shi. Ciwo ɗan aike ne. Wanda ya kori ɗan aike bai fasa abin da aka aiko a faɗa masa ba.

(Kiɗa kaɗan)

Saura maganar zuciya, wadda ita ce ta fi kayar da mutane. Mutum ya yi wata huɗu yana tashi da asuba saboda rana ɗaya. Ranar ta zo ta wuce. An yi masa barka, an ɗauki hoto, an sa a Facebook. Bayan mako biyu sai ya ji duniyar ta yi masa fayau, ba abin da yake jira. Wanda ya yi atisayen shiga soja bai samu ba, nasa ya fi ciwo. Daga nan hanya kan rabu biyu. Wani ya jefa takalmi ƙarƙashin gado, shekara ta zagayo ya yi tumbi, hawa babur ma sai ya yi haki. Wani kuma ya raina duk gudun da bai kai na da ba, ya ce shi da ya yi kilomita 42 ina shi ina kilomita 3, ya matsa wa kansa har ya karye.

Duka biyun sun ɗauka cewa darajar gudu tana ga lambar yabo. Ni kuwa ina ganin ribar gaske tana cikin ɗan gudun nan na minti 30 da ba wanda zai tafa maka. Shi ne ke taimakawa wajen saukar da hawan jini, ya rage haɗarin ciwon sukari, ya kawo barci mai daɗi, ya sassauta damuwar da ta yi wa mutanenmu katutu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi. Sassarfar rabin awa sau uku a mako, da tafiyar yau da kullum, sun kai ka wurin. Fanfalaki na rana ɗaya ne, wannan kuwa za ka iya riƙe shi har furfura. Kuma mun sani a addini cewa aikin da aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne, shi ya fi soyuwa ga Allah.

Waɗanda suka fi mu nisa a harkar sun gane haka. Haile Gebrselassie, gwarzon Habasha, yana cikin waɗanda suka kafa babban gudun jama'a na birnin Adis Ababa a 2001, mai kilomita 10, inda dubun-dubatar mutane ke fitowa, wasu na gudu wasu na tafiya. A Landan, a 2004, mutum 13 suka fara haɗuwa a wani lambu ranar Asabar suna gudun kilomita 5 kyauta. Yau wannan al'ada ta bazu ƙasashe da dama. Kuma ya zo a ruwayar Abu Dawuda cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi tsere da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, a kan hanyar tafiya. Ta riga shi a karon farko, bayan shekaru ya riga ta. Babu kyauta a wannan tsere, sai nishaɗi da ƙauna tsakanin miji da mata. Iyayenmu mata da ƙannenmu, wannan ya ishe ku hujja. Tsakar gida ma fili ne: tafiya da sauri ana kewayawa, ko tsallen igiya, duk motsa jiki ne.

Don haka idan ka dawo, ka bar agogo a gida na ɗan lokaci. Ka nemi aboki ɗaya ko biyu. Ka ja ƙanenka da bai taɓa gudu ba, ka bi saurinsa. Kai da ka san wahalar kilomita 35, kai ya kamata ka fi kowa haƙuri da mai koyo.

(Kiɗa kaɗan)

Kafin lokaci ya ƙure mana, ga abubuwa huɗu da suka shafi ƙasarmu.

Zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin yankin Sakkwato yana haura digiri 40. Lokacin gudu shi ne bayan sallar asuba, gari ya ɗan waye, ko bayan la'asar sakaliya. Idan ka ga abokin gudu ya rikice, yana magana ba kan gado, yana tangaɗi, jikinsa ya yi zafi rau, ka kai shi inuwa nan take, ka kwarara masa ruwa a jiki duka, ka yi masa fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti. Sanyaya shi ake fara yi, ba a jira.

Hunturu. Ranar da ƙura ta rufe gari har ba a ganin bishiyar da ke ƙofar gida sosai, a haƙura, musamman mai asma.

Azumi. Cikin Ramadan a rage, a mayar da shi tafiya ko sassarfa mara nauyi bayan an sha ruwa.

Na huɗu shi ne tsaro, kuma shi ya fi muhimmanci. Kada kowa ya bi hanyar daji ko ta gona mai nisa da sunan motsa jiki. A tsaya cikin gari, a filin makarantar firamare ko filin ƙwallo, a fita cikin rukuni, da haske. Akwai kuma abin da baƙo ba zai gane ba, amma ɗan Tsamaye ya sani: a garin da ya sha farmaki, ganin samari suna gudu da sanyin safiya na iya tayar da hankalin unguwa guda. Uwa ta hango ta katanga, ta suri yaro, kafin a ankara gari ya rikice. Saboda haka ku sanar da mai unguwa da masu tsaron gari. Ku tsayar da wuri ɗaya da lokaci ɗaya da kowa ya sani. Ku sa rigunan wasa da ake gane su daga nesa, ku riƙa gaida mutane kuna wucewa. Lafiyar da za ka samu ta hanyar firgita maƙwabci ba ta da albarka.

Ina kira ga shugabannin makarantu da masu unguwanni su ba matasa izinin amfani da filaye da safe. Ina kira ga malamai su ambaci kula da jiki a wa'azinsu. Ku kuma samarin da kuka je kuka gwada kanku a manyan tsere, ku huta wata guda cikakke, sannan ku tara yaran unguwarku ku koya musu abin da kuka koyo, daga minti goma.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Mai tambaya ya aiko ta hanyoyin da aka saba, za mu amsa gwargwadon iko. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu tattauna kan hawan jini da yawan gishiri a miya. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya kare mu da iyalanmu, ya dawo da aminci ƙasar Gobir da Najeriya baki ɗaya.

(Kiɗan rufe shiri)